Da sanda a hannu cikin gonakin Ɗan Saga

Ƴan uwa mata, duk wadda ta bi babbar hanya daga Maraɗi ta yi gabas zuwa Agiye da Gazawa za ta ga gonaki cike da itatuwa: gawo, sabara, kalgo, aduwa, nan da can ga kuka. Manyanmu sun san ba haka wurin yake ba a da. Bayan farin 1973 da na 1984, ƙasar ta zama fili fetal, iska na binne shuka da rairai har sai an sake shuka sau biyu ko uku, mata kuma na yini neman iccen girki.

Abin da ya juya al'amarin shi ne sassabin zamani. Tun wajen 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aikin tare da manoman Maraɗi. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi kaɗan a bari, a rage sauran. Masana sun ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ɗan Saga, a yankin Agiye, na cikin ƙauyukan da suka yi suna da wannan aiki, har baƙi na zuwa gani da ido. Can ƙungiyarmu ta kai ziyara bayan girbi, lokacin ɗari.

Gonakin jigawa ne, mota ba ta kai ki gindin kowane icce, sai da ƙafa. A nan matsalar take. Cikinmu akwai iyaye mata masu ciwon gwiwa da na baya, waɗanda kullum ake bari a inuwa suna gadin kaya. Alhali su ne suka san sunan kowane ganye da maganinsa, kuma da kuɗinsu na asusu aka biya motar.

Mai yi mana jagora, ɗan kwamitin kula da itatuwa na garin, ya ba kowace sanda kafin a tashi. Wasu suka noƙe, wai sanda ta tsofaffi ce. Ya yi dariya ya ce: "Inna, Bafulatanin da ke bin shanu tun safe tsoho ne?" Nan fa kowa ta karɓa.

Ga abin da muka koya. Na farko tsawo: ki tsaya daidai, ki dafa sandar a ƙasa, hannunki daga gwiwar hannu zuwa tafi ya kwanta daidai, bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba. Na biyu taku: in sandar na hannun dama, ta sauka tare da ƙafar hagu. Saboda haka mai ciwo a gwiwar hagu a dama za ta riƙe, domin sandar ta raba nauyi da ƙafar mai ciwo. Da yawanmu mun saba da akasin haka. Na uku, wajen hawan tudu ki sauko da hannu ƙasa kaɗan, wajen gangara ki riƙe sama, ki fara kafa sandar kafin ƙafa. A cikin rairai taku gajere ya fi. Sandar kuma tana kawar da ƙaya da ƙarangiya, ana buga ciyawa da ita don maciji ya kauce.

Turawa masu yawon duwatsu sanduna biyu suke riƙewa, na ƙarfe marar nauyi, ana ƙara musu tsawo ana ragewa, da igiya a wuyan hannu. Dabarar dai ɗaya ce. Mu sandar dargaza ko ta gora ta ishe mu, in dai miƙaƙƙiya ce, busasshiya, babu tsaguwa. Sai dai a kiyaye: ba a sarar icce a gonar wani don yin sanda. Kowane toho da mai shi, kwamiti na sa ido.

Da sandunan muka zaga har rana ta take, ba wadda ta zauna a hanya. A gindin gawo muka fi daɗewa. Shi ne iccen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa hatsi ke kyau a ƙarƙashinsa, ƴaƴansa kuma abincin awaki ne. Iyayenmu mata suka shiga lissafin amfanin sabara ga mai jego, da man aduwa, da garin kuka, har jagoran ya koma mai sauraro. Matan garin sun nuna mana rassan da suke samu daga sassabe: na girki a gida, ragowar a kai kasuwa, kuɗin ya shiga zubin mako.

Ƙungiyar da ke son zuwa, daga Gazawa ne ko Gidan Rumji, ta aika wa mai gari da kwamiti tukuna. A tashi da sassafe, a riƙe ruwa, a sa takalmi mai rufe ƙafa. Wadda ciwonta ya yi tsanani ta ga likita, sanda taimako ce, ba magani ba. Kuma in ana rubuta sunayen masu tafiya, a fara da iyayenmu mata. Allah ya ƙara mana lafiya da albarkar asusu, amin.