Amanar Madannin "Haɗa Lalita"

Duk mai gina manhaja a kan Ethereum yakan kai matakin da zai sanya madanni guda: haɗa lalita. Aikin ba shi da wuya. Shafin yakan roƙi lalita irin MetaMask ta nuna masa adireshin mai ita, ko ya fito da lambar QR ta WalletConnect a ɗauka da waya. Mabuɗin sirri ba ya barin hannun mai dukiya. Shafi buƙata kawai yake miƙawa, shi kuma ya sa hannu.

A nan nauyin yake. Ranar 14 ga Disamba 2023, ɓarawo ya kutsa asusun wani tsohon ma'aikacin Ledger, ya gurɓata Connect Kit, ƙunshin da shafuka da dama suka aro domin wannan madanni. Jama'a suka ga buƙata daga wuraren da suka saba, irin su SushiSwap, suka sa hannu. Aka kwashe kimanin dala dubu 600, kuma abin da ya shiga kundin Ethereum ba ya dawowa.

Saboda haka magini mai kula yakan tsaya kan sigar ƙunshin da ya bincika da kansa, ya kuma rubuta wa mai lalita a sarari nawa zai fita, zuwa ina, kafin ya danna.