Jirgin Da Ya Dawo Mana Da Alhazanmu

Idan maigida zai tafi aikin Hajji, kuka kike yi don za ku yi wata guda ba ku ga juna ba? To saurari labarin kakata, Allah Ya jiƙanta.

A Wurno aka haife ta. Tana goye mahaifinta ya ɗaura wa jaki kaya ya nufi gabas a ƙasa, kamar yadda alhazan lokacin ke yi: su ratsa Borno da Chadi, su shiga Sudan suna ƙwadago suna tara guzuri, sannan su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Wani ya yi shekara bakwai, wani ya zauna can. Har yau akwai garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, inda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mahaifin kakata bai dawo ba. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana jira, ba ita ga matan aure ba, ba ita ga zawarawa ba.

Abin tausayi, 'yar'uwa, a lokacin jirgi ya riga ya iso ƙasar nan. A 1925 jiragen sojan Ingila uku daga Masar suka sauka Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Kano da Khartum. Shekara guda bayan haka, manyan jiragensa masu ciki irin na kwalekwale suka fara sauka a kan ruwan Nilu, tunda filayen jirgi sun yi ƙaranci. Amma wannan hawa na Turawan mulki ne da saƙon gidan waya, talaka sai kallo.

Sannu a hankali ƙofa ta buɗe. A 1955 Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya sauke farali, daga nan alhazan jirgi suka yi ta ƙaruwa. Kakata ma ta samu zuwa da tsufanta. Ta ce da aka sanar suna keta sararin Sudan sai ta leƙa taga tana hawaye, tana yi wa mahaifinta addu'a, don ba ta san inda kabarinsa yake ba.

Saboda haka uwargida, ranar rakiya ki share hawayenki ki yi hamdala. Ki kuma zaunar da yaranki gaban tsofaffin gidanku su ji irin wannan labari tun suna raye. Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.