Malamin gona ya aje aiki wata uku, ya zaga ƙasa

A cikin ƙasar Tasawa akwai wani malamin gona da ya yi shekaru da yawa yana bin ƙauyuka yana yi wa manoma bayani. Yau da gobe sai ya gaji. Kullum maganar ɗaya ce: ƙasa ta mutu, iska ta binne shuka, samari sun tafi bida. Gonar da ya gada wajen mahaifinsa ma ta koma fako. Har ya fara tunanin barin aikin gaba ɗaya.

Bai bari ba. Bayan kaka ya roƙi hutun wata uku ba albashi, aka ba shi. Ya sayar da raguna biyu, ya bar wa iyalinsa hatsi cikin rumbu. Matarsa ta ce masa: "Malam, yawo da rani, kuɗi na fita ba su shigowa?" Ya ce mata: "Na daɗe ina faɗa wa mutane abin da ban gani da idona ba. Gani ya kori ji."

Ya shiga motar kasuwa, ya miƙe yamma bisa babbar hanya. Ya wuce Maraɗi da Madawa. A Galmi ya sauka ya kwana biyu cikin masu albasa. Albasar Galmi mai jan baya ta yi suna har Gana da Kwaddibuwa. Ya ga yadda suke aje ta cikin rumbun kara mai shan iska, su jira kuɗinta ya hau kafin su sayar.

Bayan Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso, ya isa Kure, wajen kilomita 60 kafin Yamai. Nan ya ga raƙuman dawa suna kiwo kusa da gonaki. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Da aka hana farautarsu, mutanen wurin kuma suka sa ido, sai suka hayayyafa, har suka wuce 600 kafin 2020. Ya daɗe tsaye yana kallonsu. Ashe abin da ya kusa ƙarewa yana iya dawowa.

A Yamai ya taka gadar Kenedi, wadda aka buɗe a 1970, ya ga kogin Kwara karo na farko. A gidan tarihi aka nuna masa busasshen itacen Tenere. Shi kaɗai yake tsaye tsakiyar hamada, ayarin gishiri na gane hanya da shi, har wata mota ta buge shi a 1973.

Daga nan ya juyo gabas, ya hau arewa zuwa ƙasar Adar. Nan ya fi daɗewa, don nan ya samu abin da ya fito nema. A kwarin Majiya, wajen Buza, ya ga dogayen layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 don tare iska. Hatsin da ke bayan itatuwan iska ba ta kwantar da shi, kuma mutane na samun itacen girki da na gini daga rassan. A Keita ya ga aikin da aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya. An jera duwatsu bisa gangare, an haƙa ramuka a jikin tudu, an datse ƙoramu. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, da duwatsu bisa kai.

Wani tsoho ya kai shi gonarsa wadda dā fako ce. Ya ce: "Ɗana, ruwan sama ba ya ƙaranci kaɗai, gudu yake yi. Aikinka ka tsayar da shi." Ya nuna masa tasa: ƙaramin rami ne da ake haƙawa da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. In damina ta sauka, sai a shuka cikin ramin. Malamin ya karɓi hauya ya haƙa da kansa har hannunsa ya yi kanta.

Daga Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne. A Abalak ya ga makiyaya suna jan ruwa da raƙumi daga rijiya mai zurfi, garke na jiran layi tun asuba. A Agadas ya yi sallar Juma'a a babban masallaci. Hasumiyarsa ta laka ce, tsawonta mita 27. An gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844.

Ya sauko kudu ta Tanut zuwa Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin ƙasa har 1926. Ya ga Birni da fadar sarki. A Matamai da Magarya ya ga gonaki cike da gawo. Gawo na zubar da ganye da damina, ba ya hana hatsi rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne da rani. Manoman wurin ba dasa shi suka yi ba. Wajen sassabe suke barin ƴan tsiron da suka fito da kansu, su rage rassa, su kare su.

Da ya iso gida ya yi tafiyar fiye da kilomita 2000. Kuɗin raguna sun ƙare, ya rame. Bai jira komawa biro ba. Ya ɗauki hauya da ƴaƴansa biyu, suka shiga fakon mahaifinsa suna haƙa tasa cikin zafin bazara. Maƙwabta suka yi ta dariya. Da kaka, hatsi ya tsaya a inda ko ciyawa ba ta fitowa dā. Ba yawa ne da shi ba, amma mutum uku sun zo tambayar zurfin ramin.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ba kowa ke da halin zaga ƙasa ba, kuma wasu hanyoyin sai an tambayi lafiyarsu kafin a bi. Amma ƙauyen da ke gaba da naku ba nisa gare shi ba. In kun ji an raya wani fako, ku aiki mutum biyu su gano, tun kafin ruwan farko ya faɗi.