Daren da Muka Riƙe Agogo

Mun tashi a gidan liman a Kilomita Biyar, mun karanta babin haila da biƙi a Risala gaban mahaifinmu, amma ba wanda ya sanar da mu yadda naƙuda take farawa. Sai wani dare a 2014, lokacin da fita daga unguwarmu bayan magariba ya zama sayar da rai.

Maiɗakinmu tana da cikin fari, wata tara. Tun azahar bayanta da mararta ke ciwo, kunya ta hana ta faɗa. Inna ce ta ga tana dafa bango, ta ce mu riƙe agogo: "Ciwon ƙarya, in an kwanta yakan lafa. Na gaskiya ƙaruwa yake yi, yana matsowa." Daga minti 20 ya dawo minti 5, ga majina mai ɗan jini, sannan faya ta fashe. Da mun gane tun da rana, da tana asibiti kafin hanya ta rufe.

Ungozoma ta karɓi haihuwar da hasken tocila, alhamdu lillahi. Daga baya Inna ta ce da ta ga jini yana zuba, ko jijjiga, ko ɗan ya daina motsi, da ko ana harbi sai mun fita.