Tsohuwar Tarakta: A Bar Mata Wutarta Ko A Sake Mata?

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasa ce ta noma tun kaka da kakanni, laka gare ta mai riƙe ruwa, ta kan yi auduga da dawa da masara. Saboda audugar nan ne aka kafa injin gurza a garuruwan biyu, aka yi gonar iri a Daudawa, hanyar jirgin ƙasa kuma ta biyo ta Funtuwa daga Zariya, ta kai Ƙaura Namoda a 1929. Da farko da fartanya a ke noma, sa'an nan garmar shanu ta shigo. A 1975 aka buɗe babban shirin raya aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da 'yan'uwansa na Gusau da Gombe. Tun daga zamanin nan mutanen wannan yanki suka saba da taki na zamani da kukan tarakta, wadda waɗansu ke kira tantan.

Yawancin taraktocin wancan zamani sun zama tarkace, amma akwai waɗanda har yanzu su ke jan haro. Injinsu na da ƙarko, gyaransu kuma ba wuya. Inda su ke ba masu su wahala shi ne wajen wuta. To, da ya ke a kan wannan magana a ke yawan gardama, ya kamata a fara sanin abin da wutar tarakta ke yi.

Tarakta mai shan gas irin ta dā ba ta bukatar wuta in ta riga ta tashi, gama famfon mai ne ke ciyar da injin, shi kuwa ba ruwansa da lantarki. Aikin wuta uku ne: ta juya injin har ya kama, ta kunna fitilu, ta mayar wa batir abin da aka ɗiba. Batir kamar randa ya ke, kowa na ɗiban ruwa, dole a sami mai zubawa. Ƙarfin turin wuta shi a ke aunawa da folt, yawan wutar da ke wucewa cikin waya kuma da amfiya. Ƙananan taraktocin Ferguson da aka fara ƙerawa a Kwabantiri ta ƙasar Ingila a 1946 batir mai folt 6 gare su, daga farkon shekarun 1950 aka koma mai folt 12, shi ne kuwa a ke amfani da shi a nan.

Mai zuba ruwa a randar nan iri biyu ne. Na dā sunansa dainamo, dogo ne kamar ƙaramin turmi, yana da gawayi biyu a ciki da ke gogar jan ƙarfe, yana kuma da ɗan akwati dabam wanda masu gyara ke kira katawut, mai hana batir cika fiye da kima ko mayar da wuta baya. Na zamani sunansa altaneta, gajere ne mai ƙiba. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa shi a motocin kasuwa a 1960, daga tsakiyar shekarun 1970 kuma yawancin sababbin taraktoci da shi su ke fitowa. Tambayar da ke gaban mai tsohuwar tarakta ita ce: ya riƙe dainamon da aka haife ta da shi, ko ya sa mata altaneta?

Wannan tambaya ce ta kusa raba waɗansu 'yan'uwa biyu a wani ƙauye na ƙasar Bakori. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu Massey Ferguson 135, irin wadda aka fara ƙerawa a 1964, ba a raba ta a gado ba, aka bar ta tana ciyar da gida duka. Wan ne ke riƙe da kuɗi, autan ne ke tuƙi. Wata shekara ruwa ya sauka da wuri, manoma suka yi ta kawo kafin alkalami don a yi musu haro, har aiki ya fi ƙarfin rana, sai an haɗa da dare. Kwana uku a jere batir na mutuwa kafin asuba. Ran na huɗu aka rasa masu turi, tarakta ta wuni a gonar mutane, mai gona ya zo ƙofar gida yana neman kuɗinsa a gaban jama'a.

Da dare autan ya ce, "Yaya, dainamon nan ya gaji. A cire shi a sa altaneta, kowa ya huta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

Wan ya ce, "Auta, shekara nawa Baba ya yi da motar nan ba wanda ya taɓa mata waya? Yadda ya bar ta haka za ta zauna. Na ga waɗanda suka sake, wata biyu abin ya ƙone, kuɗi ya tafi. Da tsohuwar zuma a ke magani."

Magana ta yi tsawo, har autan ya ce in haka ne a sayar a ba kowa rabonsa. Mahaifiyarsu ta ji, ta kira su ta ce ba wanda ya san waya a cikinsu, su tafi wurin wanda ya sani. Gari na wayewa suka nufi Funtuwa wurin wani dattijo mai aikin wayarin, wanda ya koyi sana'a tun zamanin shirin noman nan.

Dattijon bai goyi bayan kowa ba. Ya ce, "Samari, kafin a yanke wa mutum hukunci sai an ji laifinsa." Ya bi su har gona da mitarsa. Ya auna batir injin na kwance, ya ce lafiyayyen batir cikakke ya kan nuna wajen folt 12.6. Aka tura ta ta tashi, aka ba ta wuta, ya sake aunawa, allura ta haura folt 13 da rabi ta doshi 14. Ya ce dainamo lafiyarsa lau. Ya ƙara da cewa sau da yawa a kan zargi dainamo alhali kuwa fambel ne ya saki, ko kan batir ya yi tsatsa, ko ruwan batir ya ƙafe, ko wayar da ke kama jikin mota ta yi sako-sako. Wanda ya sayi altaneta bai duba waɗannan ba, ya sayi magani bai san ciwo ba.

Sa'an nan ya ce a kunna fitilu. Nan take allura ta sauko. Ya ƙirga, fitila biyu a gaba, ɗaya a baya da autan ya ƙara don ganin haro, ko wace ɗaya wat 55. Ya yi musu lissafi a ƙasa da tsinke: in an raba 55 da 12, ko wace fitila na cin amfiya 4 da rabi da 'yan kai, uku ke nan sun kusa 14. Dainamon da a ke sa wa ƙananan taraktocin Ingila kuwa rufaffe ne don kada ƙura ta shiga, iyakar abin da ya ke bayarwa wajen amfiya 11 ne, shi ma sai injin na gudu sosai. In injin na zaune a hankali, kusan ba ya ba da kome. Watau ana ɗiban 14 ana zuba 11, ko wace randa ce sai ta ƙafe kafin asuba. Ashe mahaifinsu bai taɓa shan wannan wahala ba ne don shi da rana ya ke aiki.

Daga nan ya shimfiɗa musu halin ko wane. Dainamo mai haƙuri ne. Ko batir ya mutu murus, in an tura mota ta tashi, ya kan ta da wuta da kansa, gama akwai ɗan maganaɗisu da ke saura a ƙarfensa. Ƙura da ƙaiƙayi ba sa damunsa sosai. Abin da ya ke so kaɗan ne: ɗigon mai a bushin baya, da sabon gawayi in na ciki ya cinye. Aibinsa ƙarancin wuta, ga katawut mai bakin ƙarfe da kan ƙone ko ya manne, ga shi kuma masu iya daidaita shi suna ƙarewa, kayansa na ƙwarai sai an nema.

Altaneta kuwa ko ƙarami ya kan ba da amfiya 35 zuwa 45, yana kuma cika batir ko injin na tafiya a hankali. Ana samunsa sabo ko na hannu a Funtuwa, balle a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, yaran masu wayarin duk sun san shi. Amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. A cikinsa akwai waɗansu 'yan ƙofofi da a ke kira dayod, masu barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kaɗai. In aka juya kan batir, ko na ƙiftawar ido ne, sun ƙone. In aka cire batir injin na aiki, kamar yadda a kan yi a ƙauye inda batir ɗaya ke ta da mota uku, wuta na iya yin tsalle ta kashe shi. In za a yi walda a jikin tarakta ko garmar da ke ɗaure da ita, sai an kwance wayoyinsa da na batir. Yawancin irinsa kuma ba sa fara aiki sai ɗan ƙwan jan fitilar gaban direba ya ba su wutar farko, don haka in ƙwan ya mutu, caji na iya tsayawa ba a sani ba. Jikinsa a buɗe ya ke don shan iska, saboda haka da kaka, lokacin sussuka, sai ana hure shi.

Ya juya ga wan ya ce, "Alhaji, waɗanda ka gani nasu ya ƙone, ba ƙarya ka gani ba. Amma a bincika, ko dai sun cire batir, ko an yi musu rabin aiki." Rabin aiki shi ne a ɗaura altaneta a bar tsohuwar waya. Wayar da aka yi don amfiya 11 ba ta ɗaukar 40, sai ta yi zafi, a wurin da gas ke ɗiga kuwa zafi gobara ne. Dole a ja sabuwar waya mai kauri zuwa batir, a sa fiyus, a fitar da katawut daga layi, a daidaita fule don fambel ya tafi sak. Kafin duk wannan sai an duba kan batir da ke ɗaure da jikin mota. Taraktocin Ingila da yawa na kafin tsakiyar shekarun 1960 kai mai alamar tarawa a ke ɗaure musu a jiki, altaneta na kasuwa kuwa mai alamar ɗebewa ya ke so. In haka ta ke, sai an juya batir, a juya wayoyin agogon caji. Ya duba tasu, ya tarar mai alamar ɗebewa ne a jiki, aiki ya zo da sauƙi.

Ya kuma nuna musu hanya ta uku, wadda ba a da ita a zamanin mahaifinsu. Fitilun zamani na LED haskensu da yawa, cinsu kaɗan. Mai wat 18 amfiya ɗaya da rabi ta ke ci, uku ba su kai 5 ba, dainamo na iya ɗaukarsu da sauran canji. Wannan ita ce mafi arha. Amma da ya tambayi autan sau nawa ya ke kashe injin a dare, ya ji ana yawo daga ƙaramar gona zuwa ƙaramar gona, a kashe a tayar fiye da sau goma, da kaka kuma tirela na tsaye a kasuwar Ɗandume ana lodi injin na zaune, sai ya ce irin wannan aiki altaneta ya ke so, gama ko wane tashi na kwasar wuta mai yawa, dainamo ba ya samun sararin biya.

Wan ya yi shiru, can ya ce ya yarda, amma bisa sharaɗi uku: kada a yanke ƙarfe ko a huda jikin injin, a naɗe dainamo da katawut a buhu a ajiye a ɗaki, kuma batir ɗin motar nan ba ya zuwa aro. Dattijon ya ce sharuɗɗan nan sun fi aikin kansa daraja. Aka ƙera maɗauri dabam da ke kamawa da ƙusoshin asali, aka gama aiki ran nan, aka cika wa manoma alkawarinsu, maganar rabon gado kuma ba a sake tayar da ita ba.

Ba a ce kowa ya yi yadda suka yi ba. Manomin da gonarsa kaɗai ya ke nomawa, da rana, ya tayar da safe ya kashe da azahar, in dainamonsa na aiki ba shi da dalilin taɓa shi, kuɗin ya sayi taki ya fi masa. Haka kuma wanda ke nesa da gari, inda ba a raba batir da aro, dainamo ya fi jure masa. A Ingila da Amurka akwai masu tara tsofaffin taraktoci don nuni, su kan biya tsada ga wadda kayanta na asali ke cike, har a kan ƙera musu altaneta a cikin kwanson dainamo don kada ido ya gane. Su ado su ke nema, manomin Ƙafur ko Ɗanja kuwa hatsi ya ke nema. Duk da haka ajiye tsohon kaya ba hasara ba ne, gama ran da sabo ya mutu a tsakiyar damina, na cikin buhu shi ne ɗan'uwa.

Saboda haka mai tsohuwar tarakta ya fara da awo kafin saye, ya ƙirga abin da a ke ɗiba da abin da a ke zubawa, ya dubi irin aikinsa da halin direbansa da nisan mai gyara. Ya kuma yi wannan shawara da rani, lokacin da mota ke hutawa mai wayarin kuma ba shi da layi, gama ran wanka ba a ɓoyon cibi, ruwan shuka kuwa ba ya jiran kowa.