Gida mai faɗin ƙafa bakwai

A tashar jirgin ƙasa ta Wolverton, gefen birnin Milton Keynes a Ingila, na sauka da 'yar jakata guda, domin tun a waya an gargaɗe ni kada in zo da akwati, babu inda za a ajiye shi. Masu masaukina wasu dattawa ne Turawa, mata da miji. Matar ta yi shekaru tana aikin jinya tare da yayata a wani asibiti, mijin kuma malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Da 'ya'yansu suka girma kowa ya kama gabansa, sai suka sayar da gidansu mai ɗakin kwana huɗu, suka sayi jirgin ruwa, suka tare a ciki. Yayata Baba da Mama take ce musu, ni ma sai na bi bakinta. Watan Oktoba ne, sanyi ya fara kunno kai, kuma sun nufi Braunston ta hanyar ruwan Grand Union, wadda ta haɗa Landan da Birmingham.

Jirgin na ƙarfe ne, tsawonsa ƙafa 57, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10. Idan mutum ya tsaya a tsakiya ya ware hannuwa, saura ƙiris ya taɓa bangon dama da na hagu. Komai a jere yake: daga baya inda ake tuƙi, sai kicin, sai wurin zama mai murhun kwal, sai banɗaki, sai gado can gaba. Mai son wucewa sai na tsaye ya karkace ya ba shi hanya. Wannan siranta tana da asali. A 1761 aka buɗe hanyar ruwan Bridgewater, aka riƙa kai kwal daga Worsley zuwa Manchesta, farashinsa ya faɗi da kusan rabi, attajirai kuwa suka yi caa a kan haƙa hanyoyin ruwa. Injiniya James Brindley, wanda ya tsara da yawa daga cikin na tsakiyar ƙasar, ya yi ƙofofin ruwansa, masu hawa da jirgi kan tudu, da faɗin ƙafa 7 don tsimin kuɗi da na ruwa, jiragen kuma suka bi wannan awo har yau.

Ba mu yi nisa ba muka hau wata gada da ruwa ne ke bi ta kanta. Dogon kwami ne na ƙarfe cike da ruwa, jirginmu na ciki, kogin Great Ouse na gudana can ƙasa. A 1811 aka gama ta, bayan ta bulo da aka fara ginawa ta rufta a 1808. Doka ta hana wuce gudun mil 4 a awa, mu ko hakan ba mu kai ba. Wata mata da karenta suka cim mana a kan turbar gefen ruwa, ta gaishe mu, ta wuce. Duk inda muka iske jirage a ɗaure sai Baba ya ƙara sassauta injin, don kada igiyar ruwa ta girgiza masu shan shayi a ciki. Ga wani abu kuma: motocin Ingila hagu suke bi, jiragenta dama.

A Cosgrove muka ɗaure jirgi muka kwana, kuma a daren na yi tambayar da ta kawo ni. Kayan gida mai ɗaki huɗu, ina suka tafi?

Mama ta ce kusan shekara guda suka yi suna rabuwa da su. Sun fara kiran 'ya'yansu su zo su ɗebi abin da suke so, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda suka ɗauki kaɗan. Tangaran ɗin da ta gada daga mahaifiyarta, wanda take tanadi tun tana amarya, babu wanda ya miƙa masa hannu. Littattafan Baba suka tafi shagunan sadaka kwali-kwali, ya rage abin da kanta ɗaya za ta ɗauka. Hotuna aka zuba su a kwamfuta. Abin da zuciya ta ƙi saki suka kama hayar wurin ajiya suka zuba, suna biya duk wata, har ranar da suka je suka buɗe, suka ga sun manta rabin abin da ke ciki. Shi ma suka rabar. Yanzu dokarsu ɗaya ce: in sabuwar riga ta shigo, tsohuwa za ta fita.

Na ce, "Mama, ba kwa kewarsu?"

Ta ce, "Ɗana, da za ka ce in lissafa maka abin da ke cikin wancan gida, ba zan iya ba. Tebur ɗaya ne kawai nake tunawa."

Ba ta ƙara ba, ni ma ban matsa ba a lokacin.

Washegari muka isa ƙofofin ruwan Stoke Bruerne, guda bakwai a jere, masu hawa da jirgi kan tudu. Kowace ɗaya wani ɗaki ne na bulo a cikin ruwa, da ƙyauren katako gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe na baya, a sa ƙarfe a murɗa har marfin da ke riƙe da ruwan sama ya ɗaga, ruwa ya kwararo, jirgi ya riƙa tasowa a hankali. Ƙyauren gaba ba ya motsi komai ƙarfinka sai ruwan ciki da na waje sun daidaita, sannan ka jingina bayanka da wani dogon gungume ka tura da ƙafafu. Mama, da furfurarta, ita ke wannan aiki, Baba na riƙe da sandar tuƙi. Na karɓe ta, kuma kafin mu kai sama tafin hannuna ya yi ja.

Ƙofofin wannan hanya masu faɗi ne, suna cin jirgi biyu kafaɗa da kafaɗa, kuma al'ada ce a jira juna a shiga tare don kada a ɓarnatar da ruwa. Haka muka haɗu da wata matashiya, ita kaɗai a wani tsohon jirgi mai tsatsa, ta taso daga Landan. Ba gida ta sayar ba, ba ta taɓa mallakar gida ba. Kuɗin hayar ɗaki ne ya fi ƙarfin albashinta, ta ci bashi ta sayi jirgin. Irinta suna da yawa: jiragen da ke hanyoyin ruwan Landan sun haura 4,000, har sai an ɗaura wani a jikin wani saboda rashin wuri. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragamar hanyoyin ruwa na kusan mil 2,000 a Ingila da Wales a 2012, tana ba da lasisi iri biyu. Ko ka kama matsaya ta dindindin kana biya, ko ka zama mai tafiya kullum, wanda dokar 1995 ta hana shi wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Ga su Baba wannan doka ba komai ba ce, yawon suke so. Ga mai zuwa aiki kowace safiya, ko mai kai yaro makaranta, ƙaura ce duk mako biyu, kuma tun daga 2024 an fara ɗora musu ƙari a kan kuɗin lasisi fiye da masu matsaya. Jirginsu iri ɗaya ne, ruwansu ɗaya, amma wanda ya zaɓa da wanda aka turo ba za a auna su da mudu ɗaya ba, kuma ban ga adalci a dokar da ta yi haka ba.

A saman tudun akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1963 cikin wani tsohon ginin niƙa, kuma a can na gane cewa barin gida a koma jirgi tsohon labari ne a ƙasar. Da jirgin ƙasa ya fara ƙwace jigilar kaya wajen shekarun 1840, kuɗin matuƙa jirgin ruwa ya ragu, da yawansu suka saki gidajen haya suka kwaso mata da 'ya'ya zuwa cikin jirgi. Kusan duk tsawon jirgin na kwal ne ko hatsi, iyali kuma suna cikin wani ɗan ɗaki a baya da bai wuce ƙafa 10 ba. A nan ake girki, a nan ake haihuwa. Sai a 1877 majalisa ta yi dokar duba lafiyar waɗannan ɗakuna, bayan fafutukar George Smith na Coalville. Abin da ya taɓa ni shi ne, cikin wannan ƙunci suka zauna suna zana furanni da hasumiyoyi a ƙofofinsu da gwangwanayen ruwansu, suna goge tagulla har ta yi walƙiya. Sanyin 1962 zuwa 1963, da ya daskarar da ruwan makonni da yawa, shi ya kusan ƙarasa sana'ar. Hanyoyin da kansu da sun cushe, ba don mutane irin su L. T. C. Rolt ba, wanda ya mai da wani tsohon jirgi gidansa a 1939, ya fitar da littafin Narrow Boat a 1944, aka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa a 1946.

Daga nan sai ramin Blisworth, mai tsawon mita 2,800 da 'yan kai a ƙarƙashin tudu, wanda aka buɗe a 1805. Mama ta miƙo mini rigar ruwa. Fiye da rabin awa muka yi cikin duhu da ƙarar inji, ruwa mai sanyi na zubo mana daga ramukan shan iska. Babu turbar doki a ciki. A da, sai a kwance dokin da ke jan jirgi a bi da shi ta kan tudu, maza biyu su kwanta a kan katako su riƙa taka bango da ƙafafu har su fito da jirgin.

Bayan ramin tafiya ta miƙe ba ƙofa ko ɗaya, ta gonaki da garken tumaki, muka wuce Gayton da Weedon. A wannan tsakanin na ga ainihin zaman jirgi. Ruwan sha a tanki yake, ana cika shi a famfunan hukuma da ke gefen hanya, kuma kowa ya san abin da ya rage. Wanka sai ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka sa sabulu, ka sake buɗewa. Duk wanda ya zauna unguwar da ake sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ya san wannan lissafi, don haka alwala da kofi ɗaya ba ta zame mini baƙon abu ba. Alƙibla ce dai sai na sake nemo ta duk inda muka tsaya. Wuta daga batir take, inji ko farantan sola ke cika shi, kuma a watannin sanyi rana ba ta wadatarwa. Tukunyar masai Baba ke ɗauka da hannunsa ya kai wurin zubarwa. Da safe tagogi na zufa, sai an bi da tsumma. Kwal da man dizal da tukunyar gas wani jirgi ne ke yawon sayarwa, ya tsaya a gefenka. Ga lasisi, ga inshora, ga takardar shaidar lafiyar jirgi duk shekara 4. Wasiƙunsu gidan 'yarsu suke zuwa, domin banki da likita duk adireshi suke tambaya. Ban ga aikinsu ya ragu ba. Na dai ga babu abin da ke shiga ko fita a gidan nan ba da saninsu ba, kuma na ga hakan ya kwantar musu da hankali.

A ƙofofin Buckby, su ma bakwai, hanyoyi huɗu ne suka matsu a kwari ɗaya: tsohuwar hanyar Rumawa ta Watling Street, hanyar ruwa, layin dogo, da babban titin M1. Motoci na ta tsala gudu, mu muna tura gungume. Muka bi ta ramin Braunston na 1796, mai ɗan lanƙwasa a ciki, muka gangara ƙofofi shida zuwa ƙauyen, inda hanyar Grand Union ta haɗu da ta Oxford.

A nan Mama ta ƙarasa zancen tebur. Mutum goma yake ci, kuma a kansa ake taruwa duk Kirsimeti. Yanzu jikokinta sai dai su zo biyu-biyu, su wuni, su koma, taron kuma ya koma gidan 'yarta, ita ce baƙuwa. A nan ne zuciyata ta rabu da tsarin nasu, duk da sha'awar da ya ba ni. Na tashi a gidan da ba a taɓa sanin mutum nawa za su kwana ba sai dare ya yi: ɗan'uwa ya zo asibiti daga ƙauye, 'yar ƙanwa ta zo jarrabawa, gwaggo ta zo gaisuwa ta yi wata guda. Ɗakunan da su Baba suka ga babu kowa a ciki, a wurinmu su ne hakkin waɗanda ba su iso ba tukuna. Kaya ana iya rabuwa da su, na gani da idona, kuma da yawanmu za mu amfana da zubar da rabin abin da muka tara. Wurin saukar mutane ne ban san yadda ake rage shi ba tare da an rage mutanen ba.

Na tambayi Baba abin da zai faru ranar da gwiwa ta ƙi tura gungume, tunda kuɗin gida hawa yake, na jirgi kuwa sauka. Bai ɓoye ba. Ya ce gida irin wanda suka sayar ya riga ya fi ƙarfinsu, sun san haka tun ranar da suka sa hannu. Abin da ya rage na kuɗin sun ajiye shi don ɗan ƙaramin ɗaki a ƙasa kusa da 'yarsu, kafin nan kuma za su fara kama matsaya a watannin sanyi, su riƙa yawo da bazara kawai. A makon ma za a ciro jirgin daga ruwa a shafe cikinsa da baƙin fenti mai hana tsatsa, aikin da ake yi duk shekara biyu zuwa uku, su kuma su tafi gidan 'yar su kwana har a gama. Suka rako ni bakin titi, na hau bas zuwa Rugby, inda zan kama jirgin ƙasa.