Dakoro: garin da mota ke zama masauki da rumbu

Wanda ya bar Maraɗi ya nufi arewa, da ya wuce Tibiri sai ya rabu da babbar hanyar Yamai, ya bi ta Kornaka, har ya iso Dakoro bayan tafiyar kilomita kamar 120. Garin ba shi da daɗewar Tibiri ko Tasawa, don kuwa sai a 1947 Turawan Faransa suka kafa bariki a nan. Amma wurin da aka kafa shi ya sa ya zama mashiga. Kudu da shi gonakin hatsi ne da wake. Arewa da shi kuwa ga kwarin Tarka, wanda dokar 26 ga Mayu 1961 ta bi wajen shata iyakar noma, ta bar abin da ke gaba ga makiyaya. Daga can sai rijiyoyi masu zurfi da rugage da sawun tayoyi cikin rairayi, zuwa Bermo da Gadabeji.

A wannan arewa matafiyi ba ya sa ran gidan baƙi. Malamin dabbobi da ya fita rigakafin ciwon huhu na shanu, da ɗan gandun daji, da ma'aikacin lafiya, da ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye da shayi da sukari da atamfa, duk inda rana ta faɗi musu nan ne masauki. Motar da ta kawo su ita ce ɗakin kwana, ita ce rumbu, wani lokaci ma ita ce kanti. Shi ya sa aikin da kafinta da mai walda ke yi a bayan mota, wato akwatunan ajiya masu ja da gadon da ake shimfiɗawa bisansu, ya cancanci a dube shi da kyau, ko da yake ba a cika kula da shi ba.

Mazauna jihohin Tawa da Agadas da suka manyanta suna tune da Turawan da ke ƙetaro Sahara a shekarun 1970 da 1980, su biyo ta Tamanraset da Asamaka da Arlit. Wasu tsofaffin Peugeot suke kawowa su sayar, wasu kuma yawon buɗe ido ya kawo su cikin Land Rover da aka gyara cikinta, ga wurin tukwane, ga wurin tufafi, ga katifa. Tawayen arewa da ya ɓarke a 1990 da rikicin Aljeriya na 1992 suka tsinke wannan hanya. A Turai da Ostareliya da Afirka ta Kudu har yau akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, suna ƙera durowa ta alminiyom mai gudu bisa dogo. Sai dai kuɗinta, in an haɗa da dako da duwan, ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci, musamman tun daga Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Mai tsohuwar Land Cruiser ko Hilux, ko 504 irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da, dole ya koma ga masu sana'ar garinsu.

Ƙirar ba ta da wuyar fahimta. Mai walda ya yanka ƙarfe mai kusurwa ya haɗa ƙashin gado, tsayinsa ya ɗan ɗara tudun tayoyin baya, yadda saman zai zama shimfiɗa ɗaya. Kafinta ya rufe shi da filawud, wanda fallensa yake da tsawon santimita 244 da faɗin 122. A ƙarƙashi a zura dogayen akwatuna biyu da ake jawowa ta ƙofar baya. Gado na neman tsawon santimita 190 in ana so babban mutum ya miƙe ƙafa, kuma a mota mai rufi ya kamata mai kwana ya iya tashi zaune ba tare da kansa ya bugi sama ba. Duk ɗan yatsan da aka ƙara wa zurfin akwati, daga wurin zaman aka rage shi. A nan ne mai mota da kafinta suke daɗewa suna awo, kowa da abin da ya fi damunsa.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne girgiza. Hanyar da ba kwalta takan yi kunya-kunya kamar kwanon rufi, mota na bi tana kaɗawa tun safe har yamma. Ƙusa ba ta jure wannan, a hankali take zarewa, sai wata rana a buɗe ƙofa a tarar da akwati ya saki baki, sukari ya haɗu da man juye. Don haka gwanayen masu aiki noti suke sawa, su ɗaure ƙashin gadon a jikin mota ta ramukan da kujerun baya suka bari, su sa yankin tsohuwar robar taya tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Kowane akwati kuma yana da sakatarsa, domin durowa mai nauyi da ta kuɓuce a kan gangara tana iya ɓalle ƙofa, a birki na gaggawa kuma gadon da ba a ɗaure ba kan mutanen gaba yake zuwa.

Abokin gaba na biyu ƙura ce. Dogon durowa na kanti mai ƙananan ƙwallaye yana da daɗin ja a cikin ofis, amma da hunturu ya busa, rairayi ya shige shi ya gauraya da mai, sai ya cije. Sanda biyu na busasshen katako mai tauri, a goge su da kyandir ko sabulu, sun fi shi daɗewa, kuma in sun lalace ana samun madadinsu a kowace kasuwa. Sharaɗin dai katakon ya bushe. Galibin katakon da ake aiki da shi a jihar Maraɗi daga kudu yake zuwa ta Najeriya, daga ƙasa mai laima. In aka yi gaggawar aiki da ɗanye, iskar Dakoro za ta tsotse shi cikin makonni, ya lanƙwashe ko ya tsage. Farashinsa ma yana bin halin iyaka, kamar yadda aka gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Sai maganar nauyi, wadda ɗan kasuwa ya fi kowa sanin lissafinta. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya an yi ta ne don kayan da bai wuce tan ɗaya ba, ko kusa da haka. Falle ɗaya na filawud mai kaurin milimita 18 yana kai kilo 30. Jarkar ruwa ta lita 20 kilo 20 ce, duro mai lita 200 kuwa ya haura kilo 200. Wanda ya bari aka cika masa mota da ƙarfe mai kauri don ta yi ƙwari, ya sayar da wurin buhu biyu ko uku na kowace tafiya, ya ƙara shan mai, ya kuma matso da ranar da zai tone tayoyi a rairayi. Amfanin akwatin ƙasa shi ne ya sauko da kaya masu nauyi kusa da gindin mota. Abin da aka tula bisa rufi shi ke kifar da mota a kwana, kuma direbobin wannan hanya sun san haka ko da ba su karanta a littafi ba.

Tsarin ciki ma yana da ƙa'ida. Mai da abinci ba su kwana akwati ɗaya, don garin da ya sha warin fetur ya tashi daga aiki. Akwatin ƙanƙara na maganin rigakafi yana son gefe mai inuwa, nesa da inda bututun hayaƙi ke ɗumama ƙasan mota, tun da yawancin allurai tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su, kuma allurar da zafi ya kashe ba ta nuna alama a ido. Jak da shebur da tayar sauyi su kasance inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya duka ba. A bar ƙugiyoyi huɗu na rataya sange saboda damina. Akwai kuma gargaɗin da ya shafi rai: a daren sanyi kada a shigar da murhun shayi mai garwashi cikin rufaffiyar mota, kada kuma a kwana inji yana aiki. Hayaƙin da ba shi da wari yana kashe mai barci bai farka ba.

Mai motar haya yana da tasa damuwa dabam. Ranar kasuwa kowane taƙi na bayan mota kuɗi ne, gadon da aka kafe kuwa yana cin wurin fasinja da tumaki. Maganin wannan yana nan a rugagen da ke kewaye da garin. Matan Buzaye suna da gado na itace wanda ake kwancewa sanda-sanda a ɗora wa jaki ko raƙumi, a isa masauki a tayar da shi kafin magariba. Matan Bororo ma haka suke yi da gadonsu da sagar ƙorensu. Tun kafin mota ta taka Tarka mutanen nan suka gane cewa kayan tafiya ba ya son nauyi, yana son ya rabu kashi-kashi, a kuma ɗaure shi tam. Kafintan da ya raba saman gado gida uku, yadda mutum ɗaya zai ɗage shi ya jingine, darasinsu ya ɗauka.

Zirga-zirga a wannan yanki ba raguwa take ba. Bermo ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, ya karɓi raƙuman dawa 8 da aka kwaso daga yankin Kure a Nuwamban 2018, kuma tsaronsu na bukatar masu kwana a daji. Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji da ke sayen motoci masu tsada suna iya ware ɗan abin da za a gyara cikinsu a nan gida, kuɗin ya tsaya hannun masu sana'ar gari, ma'aikaci ya kwana nesa da kunama, kayan aiki su isa lafiya.

Ga mai niyyar ba da aikin, shawara ita ce ya kai motar kanta wurin kafinta maimakon awo a takarda, ya zo da jarkokinsa da akwatin kayan gyara a gwada su a wurin. A yi ciniki a fili kan kaurin katako da irin ƙarfe, a ba da rabin kuɗi, sauran kuma sai motar ta je Sakabal ta dawo an duba notin. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan hanya abin da ake nema shi ne ta yi ƙarko. Allah ya kiyaye hanya.